Tulun da Maklufu Ya Binne

Masu riƙe da labaran mutanen dā sun ce, a zamanin Sarki Tankari na Birnin Gwalaje, akwai wani Bayahude maƙerin azurfa mai suna Maklufu, wanda ya biyo ayari daga bayan hamada ya zauna a garin shekara ashirin. Ana nan sai ƙafar Sarki ta kumbura, magani ya ƙi ci. A cikin kwanakin nan aka ga Maklufu da hantsi ya fita bayan ganuwa rungume da tulu, ya haƙa rami kusa da kabarin matarsa, ya binne tulun yana hawaye, yana karatu da harshen da ba wanda ya sani.

Kafin azahar magana ta kai fada. Sarkin Fada ya ce ruwa ba ya tsami banza, sammu aka binne wa Sarki. Galadima ya ce haka ne. Fadawa goma sha biyu, kowa ya ce haka ne. Sarki yana fama da zogi, ya ce a ɗaure Maklufu, gobe da safe Hauni ya sare shi.

To, a kan rimin fada akwai wata tsohuwar shamuwa da Allah ya ba ta baki, ga kuma rashin iya haɗiye magana. Da la'asar fada ta watse, sai ta sauko gaban Sarki tana huci.

Ta ce, "Allah ya ba ka nasara, na san tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma zan faɗa. Yau na ga abin kunya. Mutum goma sha biyu sun yanke wa rai hukunci, babu wanda ya ce a tambaye shi me ke cikin tulun. Ina tsoron ka aikata abin da dattawan Tinzar suka so su yi wa Ishaƙu Baduku."

Sarki ya ce, "Yaya labarinsa yake?"

Shamuwa ta ce: Shekarar da iska ta ɓatar da ni bayan hamada, na yi sheƙa a kan ɗakin ibadar Yahudawan wani gari, Tinzar. Suna da tsohon littafin Attaura na fata wanda ruwa ya lalata, har ba ya karantuwa. Wata rana aka nema aka rasa. Wata mata ta ce ta ga Ishaƙu Baduku ya fita da shi a ƙarƙashin riga. Baduku da fata, ai ba sai an yi dogon lissafi ba. Aka ce ya yanka ne zai yi shafin takalma.

Dattawa bakwai suka zauna, suka ce a yanke shi daga jama'a, kada a gaishe shi, kada a sayi kayansa, in ya mutu kada a bi gawarsa. Suka kai wa babban malaminsu, Haham Shalom, hukuncin don ya sa hannu. Tsohon ya tambaya, "Wa ya yi magana a madadinsa?" Suka ce babu, laifin a fili yake. Ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Kun yi karatu, karatu bai yi ku ba. A shari'armu ta dā, idan alƙalai suka taru a kan rai, kowa ya ce a kashe, sakinsa ake yi, domin ba shari'a suka yi ba, amshi suka yi. Kun zama littafin Nisim marubuci."

Suka ce, "Mene ne labarin littafin Nisim?"

Haham Shalom ya ce: A garin kakanninmu an yi wani marubuci, Nisim, wanda ba a taɓa ganin mai kyan hannu irinsa ba. Farin fili a jikin fata yana ba shi haushi, yana cewa wurin da babu tawada ɓarnar fata ne. Sai ya rubuta Attaura cikin shekara uku, ya matse haruffa har kowanne ya jingina da ɗan'uwansa. Ya kai wa wani tsoho masanin ilimin ɓoye, yana jiran yabo. Tsohon ya buɗe, ya rufe, ya ce ba za a karanta shi cikin jama'a ba. Nisim ya ce, "Nuna mini harafi ɗaya da na ɓata." Tsohon ya ce, "Babu. Amma doka ta ce kowane harafi sai farar fata ta kewaye shi. Magabata sun ce an rubuta Attaura da baƙar wuta a kan farar wuta. Kai ka rubuta baƙar, ka kashe farar. Harafin da ba ya iya tsayuwa shi kaɗai ba ya ba da shaida."

Haham Shalom ya dubi dattawan ya ce, "Ku bakwai ne, amma babu ko tsinin allura tsakanin bakin wannan da na wancan. Ku kira mini Ishaƙu."

Aka kira shi. Ya kai su maƙabarta, ya nuna musu sabon rami kusa da kabarin malaminsa. Ashe a al'adarsu, rubutun da ke ɗauke da sunan Allah, in ya tsufa, ba a ƙona shi, ba a yar da shi. Cikin tulu ake sa shi a binne kamar mutum. Dattawan sun fi kowa sanin haka, wata shida suna cewa gobe, ɓera yana ci. Badukun da suka raina, shi ne ya ji kunya ya yi musu aikinsu.

Shamuwa ta ce, "Allah ya ba ka nasara, rashin sani ya fi dare duhu. Su dattawan Tinzar sun sami mai tsawata musu. Kai naka fadawan, in ka yi atishawa sai su ce an yi ruwa."

Sarki ya ce, "Gani ya kori ji." Ya sa aka tono tulun, aka zo da Maklufu a ɗaure, leɓensa a fashe saboda dukan dogarai. Aka buɗe a gaban Liman. Babu gashi, babu allura, babu ƙashin kowa, sai ganyayyakin littafi da gefensu ya cinye saboda yawan shafar hannu.

Sarki ya ce, "Mene ne wannan?"

Maklufu ya ce, "Ranka ya daɗe, littafin addu'ar mahaifina ne. Shi kaɗai na ƙetaro hamada da shi. Ya tsufa, kuma akwai sunan Ubangiji a ciki."

Liman ya sunkuyar da kai ya ce, "Mu ma ba ma barin takarda mai sunan Allah a ƙasa. Kuma ɗazu ina cikin masu cewa haka ne."

Sarki ya ce wa Maklufu, "Me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, kai ne na farko da ya tambaya."

Maganar ta fi kumburin ƙafar yi wa Sarki zafi. Ya kwance igiyar da hannunsa, ya ce Maklufu ya roƙi abin da yake so. Maklufu ya ce ba ya son komai, a mayar da tulun inda aka same shi. Sarki ya ce wa shamuwa, "Na ji, na karɓa. Daga yau, duk ran da fadawana suka haɗa baki a kan rai, a ranar babu hukunci." Sannan ya hana kowa taɓa tulun. Ya rungume shi da kansa, ya fita yana ɗingishi har bayan ganuwa, Maklufu na gaba yana nuna masa hanya.