Mai Ban Ruwa da Zagayen da Ba Ya Waiwaye

Akwai wani mutum da ke kula da ban ruwa a lambunan garinsu. Kwamfuta ce ke buɗe famfunan, shi kuma yake rubuta mata umarni da wani tsohon harshen kwamfuta da ya koya tun yana saurayi. Harshen nan yana da zagaye da aka gina a cikinsa. Ba sai ka ce masa komai ba, zai ba lambu na fari ruwa, ya wuce na gaba, har na ƙarshe, sa'an nan ya sake farawa. Ba ya tsallake kowa, ba ya kuma komawa baya.

Da gari ya sayi sabuwar kwamfuta, mutumin ya zauna zai sake rubuta umarnin. Ƙanwarsa Damaris, wadda ita ma ta san aikin, ta ce, "Yaya, kada ka sake ɗora mu kan zagayen nan. Rubuta naka da hannunka, domin in bukata ta taso ka iya juya ruwan inda ake nema."

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce, "Tun kina goye zagayen nan yake shayar da garin nan. Yau ke za ki koya mini aiki?" Gaskiyar kuwa ita ce, zagayen yana hutar da shi, ba ya son wahalar tunani. Sai ya yi yadda ya saba.

Ana nan, bazara ta yi zafi. Ranar da layi ya zo kan Iya Asabe, wata gwauruwa mai 'yar gonar tumatir can ƙarshe, bututunta ya fashe, ruwan ya bi rairayi. Kafin a gyara, zagaye ya wuce ta.

Ta zo wurinsa tana haki, ta ce, "Ɗana, tumatirina yana fure. Juyo mini da ruwa ko kaɗan ne."

Ya gwada, abin ya ƙi. In ya tsayar da zagayen, sai ya koma lambu na fari, wato nasa. Ya doki tebur da fushi, da ya rasa wanda zai huce a kansa, sai ya daka wa tsohuwar tsawa. "Ki jira layinki! Ba ni ba ne, na'ura ce!"

Kafin layi ya dawo, tumatirin ya ƙone ƙurmus.

Iya Asabe ta tumɓuko busasshen tushe guda, ta zo ta jefa a gabansa. Ta ce, "Na'ura na roƙa? Kai na roƙa! Kana da bokitai, kana da 'ya'ya majiya ƙarfi, lambunka ya sha har ya yi taɓo. Ba ka da ƙafar da za ta kawo mini ruwa?"

Sai ya aika aka kira Damaris, suka sake rubuta umarnin tun daga farko. Amma a shekarar nan Iya Asabe ba ta kai ko kwando ɗaya kasuwa ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: zagayen nan shi ne tsare-tsaren da muka gada a ikkilisiya, ranar ziyara, taron kwamiti, layin masu karɓar taimako. Tsufansu ba laifi ba ne, sun shayar da mutane da yawa. Laifin yana kan mutumin da ya miƙa musu zuciyarsa don ya huta. Sau nawa mai jin yunwa ya zo muka ce, "Kwamiti bai zauna ba"? Sau nawa mara lafiya ya aiko muka ce, "Ba ranar ziyara ba ce"? Abin kunya ne, 'yan'uwa, Ubangiji kuwa yana fushi da shi! A ranar shari'a ba kwamiti zai tambaya ba, kai zai tambaya. Saboda haka, in wani ya ƙwanƙwasa ƙofarka a makon nan ba a kan lokacinsa ba, tashi ka buɗe.