Ƙaura a Takarda

Ciyaman Barau ya ɗauko masana biyu daga ƙasar waje su sake wa kasuwar gari fasali. Suka kwana uku a otal, suka leƙa kasuwar sau ɗaya ta gilashin mota, suka zana sabuwa mai hawa uku.

Ya tara 'yan kasuwa ya baje zanen. "Ga sabuwar kasuwarku. Kwana bakwai na ba ku ku koma cikinta, za a rushe tsohuwar."

Uwani mai daddawa, wadda ta shekara talatin a rumfa ɗaya, ta ce, "Ranka ya daɗe, an gina ta ne?"

"Abin da masana suka zana, ki ɗauka ya tabbata."

"A gaban jama'a ka faɗa?"

"Na faɗa."

Ran na bakwai motar rusau ta iso, kowa yana rumfarsa yana ciniki. Ciyaman ya sauko yana huci, masana na biye. "Uwani, me na ce muku?"

"Ai tun jiya muka tashi, ranka ya daɗe." Ta miƙa masa kwafin zanen, an cika benen da mutane da biro. "Ga ni nan a hawa na biyu, kusa da mai manja. Iska kuwa ba a magana!"

"Wannan ai zanen banza ne!"

"A yi a hankali dai, ga masu shi nan tsaye."

Ciyaman ya dubi masana, masana suka dubi agogo. Direban motar rusau ya kashe inji, ya sauko ya sayi daddawa.