Wanda Ya Jefi Mai Kwance Shi

An yi wani mutum a ƙasar Gwiwa, ba zan kama sunansa ba, domin yana raye kuma yana da dangi. Shan inna ta cinye masa ƙafafu tun yana goye. Amma Allah gwanin rabo ne, abin da ya rage masa a ƙafa sai ya zuba masa a damtse. Tun yana ƙarami, in aka ɗora shi a rumfar gona korar tsuntsaye, daga zaune yake kaɗo kurciya da hoge.

Yayansa Ɗayyabu, mai walda a bakin kasuwa, shi ne ƙafafunsa. Shi ya ga wasannin nakasassu a talabijin, ya ce, "Auta, ai wannan aikinka ne." Ya goya shi a babur har Kazaure wurin mai koyar da jifa, ya kuma ƙera masa kujera da hannunsa.

Masu wannan wasa a zaune suke jifa, a kan doguwar kujerar ƙarfe da ake kafewa da turaku huɗu. Ana ɗaure majefi a cinya da ƙugu, domin doka ta ce in mazaunansa suka ɗaga daga kujera, alƙali zai ɗaga jar tuta, jifan ya tashi a banza. Ɗayyabu ke ɗaure shi, Ɗayyabu ke kwance shi, shekara tara.

Mutumin nan ya yi suna. Ya jefa mashi a Dutse, ya jefa faifai a Kano, ya ciyo lambar zinare a Abuja da dunƙulen ƙarfe mai kilo biyar. Ran da ya dawo, 'yan acaɓa suka taro shi tun daga Roni.

To, ya 'yan uwa, daga nan Shaiɗan ya sami wurin zama. Zuciya ta kumbura, hannu ya riga baki magana. Wani mai shayi ya yi suɓutar baki ya ce masa gurgu, sai mutumin nan ya fizgo shi ta kan tebur ya karya masa muƙamuƙi. Wani majefi ɗan Babura ya fi shi nisa a gasa, ya miƙo hannu su gaisa, mutuminku ya murɗe hannun har ƙashi ya yi ƙara. Matarsa Zara ta koma gidansu da haƙora biyu a ƙulle a bakin zane, ba ta sake dawowa ba. Aka hana shi shiga filin makaranta inda yake atisaye. Masu zuwa kallon atisayensa suka watse, kowa ya ce wanda ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Wa ke bi gida gida yana ba da haƙuri? Ɗayyabu. Ya kan ce masa, "Auta, hannun nan amana ce fa." Shi kuwa sai ya ce, "Yaya, kai dai ɗaure ni ka yi shiru."

Ana nan sai aka zo zaɓen waɗanda za su tafi gasa ƙasar waje. A gwajin farko sau uku ana ɗaga masa jar tuta, saboda yana ɗagawa. Saura dama ɗaya. Ya dawo gida kamar zai ci babu. Ya sa Ɗayyabu ya samo bel ɗin ɗaure kayan babbar mota, ya mayar da maɗaurin can ƙarƙashin kujera ta baya, inda hannu ba ya kaiwa, wai don kada ya sami sassauci ko kaɗan.

Ranar kasuwar Gwiwa, da hantsi, suka tafi wani fako bayan gari. Ɗayyabu ya rufe shagonsa a ranar ciniki saboda shi. Ya buga turaku, ya ɗaure shi tamau, ya ajiye masa ƙarafa biyu a kwando, ya ja igiyar awo ya koma gaba.

Mutumin nan ya jefa na farko, ya yi nisa ƙwarai. Ɗayyabu ya girgiza kai ya ce, "Ka ɗaga, Auta. Na gani."

"Ƙarya kake yi!"

"Gara ka ji daga bakina da ka gani a tuta."

Ɗayyabu ya sunkuya zai ɗauko ƙarfen. Idon mutumin nan ya rufe. Ya zari na biyun ya sake shi da dukan ƙarfin da Allah ya ba shi. Bai taɓa jifa mai kyau kamar wannan ba, kuma bai ɗaga ba. Ƙarfen ya sauka a bayan kunnen Ɗayyabu da ƙara irin ta fashewar tulu. Ya kifa. Jini ya ɓalle ta hanci da kunne, fako ya ƙi shanye shi.

Nan take fushin ya tafi, kamar yadda ya saba tafiya in ya gama ɓarna. Ya yi kururuwa, "Yaya! Yaya!" Ya yunƙura, bel ya riƙe shi. Ya lalubi maɗauri, hannu bai kai ba. Ya jijjiga kujera, ina! Waldar Ɗayyabu ba ta da algus. Wayarsa tana rataye a babur, taku biyar. Ya yaƙushi bel har faratansa suka cire, ya cije shi har haƙori ya karye. Ya yi ihu, amma kowa na kasuwa, kuma wa ya rage da ke zuwa in ya ji muryarsa?

Can sai Ɗayyabu ya motsa. Ya fara jan ciki, ba wajen babur ba, wajen kujera. Yana ja yana tsayawa, jini na bin sa. Ya ɗago fuska ya ce, "Yi haƙuri, Auta, ga ni nan. Bari in kwance ka, rana za ta dame ka."

Saura kamu ɗaya hannunsa ya taɓa ƙafar kujera rai ya yi halinsa.

Haka mutumin nan ya zauna a ɗaure tun hantsi har la'asar, gawar yayansa a gabansa, ƙudaje na sauka, ba shi da ikon ko rufe masa ido. Wata mai tallan nono, Saude, ita ta gan su a hanyarta ta komawa ruga. Da aka zo, sai da aka sa wuƙa aka yanke bel ɗin, domin babu wanda ya san yadda Ɗayyabu ke kwance shi. Yanzu mutumin nan yana gidan yari. Masu gadi sun ce da hagu yake cin abinci, ya ƙi kai hannun daman bakinsa.

Ya 'yan uwa, wallahi duk sanda na tuna labarin nan sai jikina ya yi sanyi. Nakasa ba ta hallaka shi ba, a kan nakasar Allah ya ɗaukaka shi. Fushi ne ya hallaka shi. An karantar da mu cewa mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane ba, mai ƙarfi shi ne wanda ya riƙe kansa lokacin fushi. Kuma fushi ba ya faɗa wa na nesa, wanda ya tsaya kusa don ya taimake ka shi yake samu. Kowa ya duba gidansa, wane ne Ɗayyabunka? Me ka jefe shi da shi yau da safe?

Ya Allah, ka ji ƙan Ɗayyabu. Ka ɗaure hannuwanmu daga cutar masu ƙaunarmu tun kafin nadama ta ɗaure mu. Allah ya kiyaye mu da sharrin zuciya, amin.