Manomin da Ya Ajiye Fetur Kamar Dawa

Akwai wani manomi a wani ƙauye mai nisa da titi, wanda ya fi kowa iya ajiyar hatsi. Yakan barbaɗa toka a ƙasan rumbu, ya shimfiɗa ganyen darbejiya, sa'an nan ya jera dammunan dawa a kai. Idan rana ta buɗe, sai ya ɗaga murfin rumbun domin hatsi ya sha iska. Dawar bara waccan takan fito daga hannunsa kamar jiya aka yanke ta. Shekarar da damina ta yi gardama, gidansa bai kwana da yunwa ba.

Mutumin nan yana da mata ɗaya, da 'ya ɗaya mai suna Bilhatu, wadda ta yi aure a wani gari. Yana kuma da babur, shi ne ƙafar gidan zuwa kasuwa da asibitin mishan, gama asibitin tafiyar yini ce ga mai ƙafa.

Wata shekara aka yi wahalar mai, sai tsohonsa ya kwanta ciwo. Ya zaga ƙauyen duka yana neman abin da zai zuba wa babur, bai samu ba, har tsohon ya rasu a gida. Tun daga ranar ya ce a ransa ba za a sāke samunsa hannu wofi ba. Da mai ya wadata, ya ɗauki wata jarkar roba da matarsa ta gama amfani da manjan cikinta, ya ɗauraye ta sama-sama, ya je gidan mai aka zuba masa fetur ya ɗan wuce rabi. Ya kawo ya ajiye a wata 'yar rumfar kwano a bayan ɗaki, inda rana take duka tun hantsi har la'asar.

Da zafi ya tsananta, ya ga jarkar ta kumbura kamar cikin akuyar da ta ci ɗanyen wake. Ya ce a ransa, abin nan iska yake so, kamar hatsi. Ya ɗauki ƙusa ya huda murfin. Jarkar ta lafa, hankalinsa ya kwanta. Bayan haka yakan je lokaci-lokaci ya buɗe ya leƙa, ya bar ta a buɗe na ɗan lokaci, yadda yake yi wa rumbu.

Wata rana ƙanin matarsa, wanda yake gyaran injinan ban-ruwa a bakin kogi, ya zo gaishe su. Warin mai ya ja shi bayan ɗaki. Da ya ga jarkar sai ya fashe da dariya.

"Yaya, wannan kuma miyar me za a yi da shi? Ka ba ni 'yar'uwata in tafi da ita, kafin ka sa ta kaɗa mana kuka da fetur."

Manomin ya ce, "Kai da ba ka taɓa cika ko tukunya da hatsi ba, kai ne za ka koya mini ajiya?"

Ƙanin ya daina dariya, ya yi masa bayani a hankali. Ya ce fetur ba dawa ba ne. Ƙarfinsa yana cikin wannan warin da yake tashi, kuma duk abin da hanci ya ji ya riga ya bar jarkar. Ya ce a nemi jarkar ƙarfe mai roba a bakin murfi, ko ta roba mai kauri wadda domin mai aka yi ta, wadda ba a taɓa zuba wani abu a ciki ba. A cika ta saura kaɗan, a rufe gam, a sa ta a inuwa mai sanyi nesa da murhu. Ya ce ko an yi duk wannan, kada a bar shi ya shekara. A riƙa zuba wa babur daga ciki, ana mayar da sabo.

Manomin ya saurara don kunyar baƙo, amma maganar ƙarshen nan ba ta shige shi ba. Ajiyar da ake ɗiba kullum, ina sunanta ajiya? Ya raka ƙanin matar bakin hanya, ya dawo ya bar jarkar yadda take.

Damina ta zo ta wuce, raɓa da laima suna shiga ta hudar murfin. Rani ya zo ya wuce. Wata daminar ta sāke zuwa. Sai kuma aka shiga wata wahalar mai.

Akwai wata gwauruwa maƙwabciyarsu mai injin niƙa, da shi take ciyar da kanta. Injin ya tsaya don rashin mai. Ta zo ta durƙusa ta roƙi aron ɗan kaɗan, ta ce ɗanta zai shigo da mai daga birni ran kasuwa, za ta mayar. Manomin ya ba ta haƙuri, ya ce wanda yake da shi na ajiya ne. Ta yi godiya ta tafi.

Da ta fita, matarsa ta ce, "Baban Bilhatu, da ka ba ta. Ai sabo za ta mayar maka."

Ya ce, "Na ranar wahala ne."

"Ita tata ranar ce ta zo."

Ya dube ta ya ce, "Domin ke na ajiye shi. Ba zan ga abin da na gani a kan Baba sau biyu ba."

Ta san da ƙauna ya faɗa. Da yamma ta ɗauki turmi ta je ta taya gwauruwar daka.

A kwanakin nan ya yi ta hawan babur da man da ke cikin tanki har ya kusa ƙarewa. Bai damu ba. Duk lokacin da ya wuce bayan ɗaki ya ji warin nan, sai ya ji kamar mai cikakken rumbu.

Bayan girbi, wata safiya, matar ta je gona tattara harawa. Ta sa hannu ƙarƙashin tari, maciji ya sare ta. Ta iso gida da ƙafarta tana riƙe da hannun, ta faɗa masa ba tare da kuka ba. Ya ruga bayan ɗaki ya ɗauko jarkar, ya ji ta fi yadda ya sani sauƙin ɗauka. Da ya karkata ta a bakin tanki, abin da ya fito ja ne kamar ruwan shayi, yana warin tsohon fenti. Ya gani, amma ba shi da wani, sai ya juye duka.

Gwauruwar nan ce ta fara isowa. Ba wanda ya kira ta. Ta ɗaura zanenta ta hau bayan babur, ta rungume matar a tsakiyarsu. Ya yi ta bugawa har gumi ya jiƙa masa riga, sa'an nan babur ya tashi yana tari. Suka fita ƙauye, suka wuce gonaki, suka haye wani busasshen rafi. A kan gangaren rafin babur ya mutu.

Ya buga, bai tashi ba. Ya cire fulogi ya goge da bakin riga ya mayar, bai tashi ba. Gwauruwar ta kwantar da matar a gindin wata ɗorawa, ta juya da gudu zuwa ƙauye neman amalanken shanu. Shi kuwa ya ci gaba da bugawa, yana tura babur yana hawa, yana kiran sunan Ubangiji.

Matar ta kira shi da murya mai nauyi, idanunta suna rufewa. Ta ce, "Baban Bilhatu, bar shi haka. Zo ka zauna kusa da ni."

Ya saki babur ya faɗi. Ya zo ya ɗora kanta a cinyarsa. Ya so ya ce mata wani abu, gama akwai maganganu da yawa da ya daɗe yana cewa zai faɗa mata wata rana, amma bakinsa bai saba ba. Ya riƙe hannunta mai lafiya kawai, yana kore mata ƙuda.

Shanu ba sa sauri. Rana ta faɗi kafin su isa asibiti. Maganin dafin yana nan, masu ba da shi suna nan, amma wadda za a bai wa ta riga ta huta a hanya.

Bayan an yi jana'iza, ƙanin matar ya je ya turo babur daga bakin rafi. Ya buɗe injin, ya tarar da hanyar mai ta toshe da wani abu kamar danƙo, da ruwa kwance a ƙasan tanki. Ya wanke ya ɗaura. Manomin yana zaune a ƙasa yana kallonsa, jarkar wofi a gabansa. Can ya ce, "Ban taɓa ɗiban ko ɗigo ba. Ko ɗigo ban ba kowa ba." Ƙanin ya ajiye abin da ke hannunsa, ya zauna kusa da shi, suka yi kuka tare.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Kada kowa ya ce Allah ne ya hukunta mutumin nan, kada kuma a kira shi mugu. Ya ƙaunaci matarsa, ya kuma yi tanadi dominta. Kuskurensa shi ne ya ɗauka kowace baiwa irin dawa ce, wadda za a rufe a koma a same ta yadda aka bar ta.

Fetur ɗin nan shi ne abin da Ubangiji yake zubawa a cikinmu: bangaskiya, da jinƙai, da ƙauna. Jarkar kuwa zuciya ce. Wata zuciyar ba a wanke ta daga tsohon ɓacin rai ba aka zuba mata sabon abu. Wata kuma tana da 'yar huda wadda mai ita ya yi da hannunsa don ya ji sauƙi: ya bar addu'a yau saboda gajiya, gobe saboda sauri, bai ga wani abu ya zube a ƙasa ba, sai ya ce ba abin da ya ragu. Yana jin warin ibada a jikinsa, bai san ƙarfin ne yake fita ba.

Amma ku lura, ko jarka mai kyau ba ta riƙe mai har abada. Da ya ba gwauruwar nan, da a ranar injinta ya tona lalacewar man, da kuma akwai sauran lokacin gyara. Haka bangaskiya take. Wadda ba a taɓa ɗiba a ƙananan bukatu ba, ba a san halinta ba sai ranar babbar bukata, ranar kuwa ba ta jira a je a sāke sabuwa. Mai bayarwa yana komawa wurin Ubangiji a cika shi, shi ya sa nasa kullum sabo ne.

Da yawa a cikinmu muna da irin wannan ajiya a bayan ɗaki. Akwai gafarar da muka ce za mu yi idan lokaci ya yi. Akwai godiyar da miji bai taɓa yi wa matarsa ba cikin shekarun aurensu, yana cewa ai ta sani. Akwai tsohuwar da muke niyyar gaisarwa tun bara. Muna tsammani suna nan lafiya domin ba mu taɓa su ba.

Kowa ya san wanda yake yi wa ajiyar. Idan muka tashi daga sujada yau, wataƙila yana zaune a benci ɗaya da kai, ko kuwa za ka wuce ta ƙofar gidansa. Ka tsaya ka ba shi, tun yana iya ji.