Ɗakin da Aka Hana Abdulsamad Saboda Kwat

An yi wani mutum a nan garin namu, Birnin Gwari. Ba zan kama sunansa ba, ya 'yan uwa, domin yana raye, kuma ban zauna nan don in tona masa asiri ba. Ɗan gwanjo ne. In hanyar Kaduna ta yi lafiya sai ya saro dilar tsofaffin tufafi, ya kwance a kasuwa, ya ci halalinsa.

Wata rana ya kwance dila sai ga wata kwat ta ulu mai nauyi, maɓallanta na ƙaho, shafinta na siliki. Ya ɗauki hoton lambar da ke wuyanta ya ɗora a intanet. Kafin la'asar wani mutum ya kira shi daga Legas, wai a bar masa ita ko nawa ce.

Bai sayar ba. Sai ya shiga bincike. Ashe wani tela ne a ƙasar Italiya ya kafa gidan ɗinkin da ya yi kwat ɗin bayan yaƙin duniya na biyu. Sunan kam kada ku tambaye ni, harshena ba ya iya juya shi. Da fari kayan mata yake ɗinkawa, daga baya ya soma na maza, kaɗan-kaɗan, kowace kwat da hannu ake ƙarasa ta. Da tsohon ya mutu 'ya'yansa suka sayar da gidan, inji ya karɓe aikin. Shi ya sa masu tara irin waɗannan kaya suke farautar na zamanin tsohon, kuma da ɗinkin lambar wuya suke gane su.

Mutumin da bai san sunan kakan kakansa ba, sai ga shi ya haddace asalin wani tela na Turai! Ya bi 'yan gwanjon Kaduna da Kano yana tsinto su ɗai-ɗai. Ba ya sawa. Wa zai sa ulu a zafin garin nan? Ya ware musu ɗakin da ya fi kyau a gidansa, mai siminti da silin. Ya sa kowace a leda, ya zuba kafur, ya toshe tagogi don ƙura, ya danna kwaɗo.

Ku fahimce ni. Tara kaya ba haramun ba ne, ciniki ma halal ne. Abin da ya ɓata shi, kayan ba a ɗaki kaɗai suka tsaya ba, har zuciyarsa suka cika.

Da damina ta yi tsaka, 'yan bindiga suka fito daga daji suka ƙone ƙauyensu ta wajen Kakangi. Ƙanensa Abdulsamad, uwa ɗaya uba ɗaya, manomi ne a can. Ya iso gari a ƙafa, shi da matarsa Huraira da yaransu, ba su da komai sai kayan jikinsu.

Ya ce, "Yaya, ɗakin nan da ke kulle, ka ara mana zuwa kaka."

Mutumin ya ce, "Kai ba ka san abin da ke ciki ba ne. Ga hayaƙin girki, ga hannun yara. Ku je makarantar firamare inda aka sauke sauran mutanenku. Zan riƙa aiko da abinci."

Kuma ya aika, kada mu zalunce shi. Amma abinci aka roƙe shi?

Ku da kuka leƙa ajin nan kun san yadda yake. Rufi na yoyo, iyalai a cunkushe, zane ɗaya ne tsakanin matar wani da mijin wata. Abdulsamad ya daure har ya gaji. Abin da ya fi ci masa rai, in an tambaye shi, "Ba kai ne wanka ke da gida a gari ba?" sai ya sunkuyar da kai. Daga ƙarshe ya ce wa Huraira zai koma ƙauye ya yi wa ɗaki ko ɗaya ne rufi, ya duba masararsa, sannan ya dawo ya kwashe su. Aka ba shi haƙuri, ya ƙi.

A gonar 'yan bindigar suka same shi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni na sallaci gawar, kuma wallahi har yau in na tuna ƙaramin ɗansa yana riƙe da takalmin ubansa, raina ɓaci yake yi.

Kun san al'adarmu, dangin miji ke riƙe mace mai takaba har ta fita. Da aka dawo daga maƙabarta, mutumin nan ya ɗauko makulli da hannunsa ya buɗe ɗakin. Wari ne ya fara tarbarsa. Ɗaki a toshe duk damina, ba iska, ba rana, leda ta riƙe raɓa. Funfuna ta cinye ulun, silikin yana rabewa a hannu. Bai ko tsaya kuka ba. Ya kwashe su ya zube a tsakar gida, ya share ɗakin, ya wanke, ya tafi makaranta.

Ya durƙusa a ƙofar aji ya ce, "Huraira, ga ɗaki can na gyara. Ki taho da yara."

Ta ce, "Yaya, wanda ya roƙa ba ya nan. Ni ban roƙa ba."

A ajin nan ta yi takabarta, a bayan zane, duk wanda ya wuce yana gani, yana kuma sanin dalili. Da ta fita, 'yan uwanta suka zo suka tafi da ita da yaran. Ko sallama ba a yi masa ba.

Mutumin Legas ya ga hoton ruɓaɓɓun kayan, bai sake ɗaukar waya ba. Mutanen gari ba su zagi ɗan gwanjon ba, rumfarsa kawai suka daina tsayawa. Kasuwa ta mutu, hankali ya taɓu. Yanzu za ku gan shi a bakin tasha cikin wata ruɓaɓɓiyar kwat, rana na dukansa. Duk manomin da ya sauka daga mota sai ya riƙe masa hannu yana cewa, "Ina da ɗaki, ka zo ka kwana." Ba mai zuwa.

Ya 'yan uwa, ajali na Allah ne, ba mu ce ɗaki zai hana mutuwa ba. Amma ranar da ɗan uwanka ya tsaya a ƙofarka, jarrabawarka ce ta zo, kuma ba lalle ta jira ka shirya ba. Zumunci yana da lokaci. In lokacin ya wuce, ko ka bayar ba lalle a karɓa ba.

Ajin nan har yau cike yake da mutane. Wa ke da ɗaki a kulle a cikinmu? Me ke ciki? Buhunan hatsi ne, ko kayan shago? Kada kowa ya amsa mini, ya je gida ya duba.

Allah ya ji ƙan Abdulsamad, ya raya marayunsa, ya ba wannan bawa nasa lafiya ya karɓi tubansa. Allah ya kawo mana ƙarshen fitinar dajin nan. Mu kuma Allah ya kiyaye mu da son abin da zai sa mu rufe wa namu ƙofa. Amin.