Ranar da Katafila Ta Kasa Ɗaga Hannu

Ku gyara zama, ga wata magana da har yau mutanen Rafin Gawo ba su gama yanke ta ba.

Mati direban katafila ne tun zamanin da ake fasa daji ana shimfiɗa hanya. Shi da Sallau bakanike da Jatau mai haƙar rijiya tare suka yi ƙuruciya a sansanin aiki, kwano ɗaya, tabarma ɗaya. Mati kan ce injin wancan zamani ba ya gardama: ka ba shi mai, ya yi tari, ya turnuƙe sama da baƙin hayaƙi, ya kama aiki. Na yanzu kuwa sai an ɗura masa wani ruwa mai tace hayaƙi, in ruwan ya ƙare kwamfutar motar ta karya mata gwiwa. Da ido ya yi rauni, Mati ya koma zaman gindin maina. In ya jiyo rurin inji daga nesa, sai ya bar hira ya kasa kunne.

Wata rana da hantsi, gaɓar ramin da ake ɗibar jar ƙasa ta rufta kan wani magidanci mai suna Tanimu. Ga sabuwar katafilar kamfani a bakin ramin, amma ruwan nan ya ƙare, ko hannu ta kasa ɗagawa. Direbanta ya tafi birni nemowa. Jama'a suka taru, har da abokan nan uku.

Sallau ne kaɗai a cikin ukun yake aiki da kamfanin har lokacin. Ya dubi Mati ya ce, "Malam Mati, an hana mu taɓa wannan wuri. In na ruɗe kwamfutar nan, abincina ya ƙare."

Mati ya ce, "Na sani. Mutum ne a ƙasa, Sallau."

Sallau ya yi bisimilla ya shiga cikinta. Bai fito ba sai da ta yi gurnani ta miƙe hannu.

Mati ya hau. Shekara tara rabonsa da kujerar direba, gabansa kuwa hazo yake gani. Haƙoran bokitin katafilar in sun zarce da taki ɗaya, sun raba Tanimu biyu. Amma hannunsa bai manta ba. Ya riƙa yaye ƙasa kamar mai ɓare ƙwai, hawaye na bin gemunsa, shi kansa bai san na tsoro ne ko na marmari ba.

Jatau kuwa tun farko ya kwanta ya manna kunne a ƙasa. Jama'a duk gabas suke nunawa, shi ya ce yamma ne, nan yake jin bugu. Da inji ya kai inda ba zai iya ƙarawa ba, ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka, gaɓa na zubo masa a ka, ya tone da yatsu har ya kamo Tanimu da sauran numfashi.

An sallami Sallau daga aiki. Jatau ya fito da karayar kafaɗa. Mati ya koma gindin mainarsa, bai sake hawa ba.

Bayan wata biyu aka haifa wa Tanimu ɗa namiji. Ya rantse sunan wanda ya ceci ransa zai raɗa masa. Ga rago a ɗaure, liman na jira.

To, jama'a, wa za a yi wa takwara a cikin ukun nan?