Sifikar da Aka Kulle a Kabad

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, zamanin da faifan bidiyo ya fara shiga gidaje. Sallau ake ce masa. Sana'arsa sayar da sifikoki da haɗa su a falon mutane. Shagonsa ɗan ƙarami ne, shi kuma ba mai yawan magana ba.

Wata rana da hantsi wani ɗan kasuwa, Alhaji Nafi'u, ya kira shi gidansa. Mahaifin Alhaji ya rasu, abin da ya rage na muryarsa faifai ɗaya ne tak, na wata walima da aka yi a gidan sati biyu kafin rasuwar. Mahaifiyarsa kuwa, Hajiya Tasalla, kunnenta ya yi nauyi. Kullum sai ta ce a sa mata faifan. Tana ganin bakin mijinta yana motsi, amma ba ta jin abin da yake faɗa.

Alhaji ya ce, "Na ƙure ƙarar har tagogi suna rawa, Inna ta ce gurnani kawai take ji. Ka kawo mini manyan sifikokin da suka fi waɗannan namu, ko nawa ne."

To, ku saurara. Sallau yana da manyan a shago, sun daɗe ba mai saye. Amma ya duba falon, ya ce, "Alhaji, ba sai ka sayi komai ba. Ina ƙaramar sifikar nan mai faɗi, wadda ke zuwa tare da waɗannan?"

"Tana cikin kabad. Ɓata wa falon kyau take yi."

"Ai ita ce mai magana, ranka ya daɗe. Sauran duk kiɗa ne da hayaniya."

Alhaji ya ɓata rai. "Ni na kira mai sana'a, ashe mai jan kujeru aka turo mini."

Sallau ya buɗe kabad ɗin. Ya fito da ƙaramar, ya goge ta, ya ɗora ta a kan tebur daidai tsayin kunnen mai zama. Ya rage ƙarfin babbar sifikar falon, mai gurnani. Ya roƙi a shimfiɗa darduma a kan tayil, a saki labule, don kada sauti ya riƙa dawowa daga bango. Sannan ya durƙusa ya ce, "Hajiya, wane kunnen ya fi ji?" Ta nuna na dama. Ya matso da kujerarta, ya karkata ta kaɗan. A sa faifai, a tsayar, ya gyara. A sa, a tsayar, ya gyara. Har aka kira azahar.

Bayan salla aka sake sawa, ƙarar ma ƙasa-ƙasa. Sai ga muryar tsohon, tar, ya waiga wajen ƙofa yana cewa, "Tasalla, zo ki zauna haka nan, tun asuba kike tsaye."

Hajiya ta ƙara karkato kunne. Can ta ce, "Ashe ya kira ni. Ina wajen tukwane, ban ji ba." Ta share ido da bakin mayafi. "Ɗan nan, mayar mini baya."

Sallau ya mayar. Sau nawa ya mayar, Allah ne ya sani. Alhaji ya fita tsakar gida, ya kasa dawowa.

Jama'a, da Sallau ya sayar da manyan nan, ba wanda zai kira shi macuci, amma da baiwar Allahn nan ta koma ga Ubangijinta ba ta ji wannan kiran ba. Gaskiya da haƙuri su suka kai mata shi. Mu kuma akwai tsofaffi a gidajenmu. In suka ce ba su ji ba, sai mu ɗaga murya, har ta zama tsawa. Ba tsawa suke nema ba. Ka rage hayaniyar, ka matso, ka durƙusa ta gefen kunnen da yake ji, ka maimaita. Ka yi tun suna nan, suna iya amsa maka. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba mu haƙurin zama da waɗanda suka rage.